Idan Hannu Ya Daina Jin Magana: Jagorar Gane Tangaɗin Da Ke Fitowa Daga Ƙwaƙwalwa

Kawuna ya fi shekara 30 yana ɗinkin hannu a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Mutum ne da zai ɗora babbar riga a cinya ya fitar da aska takwas bai warware zare ko sau ɗaya ba. Wata rana bayan la'asar na shigo na tarar yana fama da allura. Ya kai zare bakin kafa, hannun ya wuce. Ya dawo da shi, ya sake wucewa ta ɗaya gefen. Da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, yatsunsa suka doki gefen kofin ya kife a tabarma.

"Kawu, lafiya kuwa?"

"Jiri ne kawai, ɗana. Rana ce ta buge ni."

Maganar ta fito a jaye, kamar ta wanda ya cika baki da goro. Ya miƙe zai yi alwala, sai ya wawware ƙafafu ya tafi yana layi zuwa dama har ya dafa bango. Muka ce maleriya ce, muka kira mai kemis ya ɗaura masa ruwa. Sai washegari da azahar, da amai ya ƙi tsayawa, muka kai shi asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ƙeya. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hannun dama bai sake komawa ga allura ba. Tambayar farko da likita ya yi mana ita ce, "Ƙarfe nawa abin ya fara?" Muka dubi juna. Tun daga ranar na shiga neman sanin abin da ya kamata mu gane a zauren nan, kuma shi nake so in miƙa wa duk mai tsoho ko ƙaramin yaro a gida.

Mataki na farko: raba rashin ƙarfi da rashin saiti

Abin da ya ruɗe mu shi ne Kawu bai shanye ba. Idan ya riƙe hannunka zai matse har ka ji zafi. Ƙarfin yana nan, saitin ne ya tafi. Likitoci suna kiran wannan ataksiya.

A ƙeya, ƙarƙashin babbar ƙwaƙwalwa, akwai wata ƙarama wadda girmanta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na duka ba, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a ƙofar fada ya san aikinta. Doki ke da ƙarfi, mahayi ke da niyya, amma linzami ke sa dokin ya zo a sukwane ya turje daidai gaban sarki ba tare da ya wuce ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ita ce linzamin. Tana karɓar labari daga wurare uku: ido, cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi waɗanda ke bi ta laka su hau sama. Idan ita ta samu matsala, ko ɗaya daga masu kawo mata labarin, sai ka ga tangaɗi, sakin abu, ɓarin loma kafin ta kai baki, rubutu ya lalace, magana ta jaye.

Mataki na biyu: tambayi kanka yaushe ya fara

Wannan tambayar ita ce ginshiƙin komai, domin ita ke gaya maka ko gudu za ka yi ko tafiya.

Idan mutum yana lafiya da safe, kafin yamma ya fara layi, wato abin ya zo cikin mintoci ko sa'o'i, to na gaggawa ne, a tafi yanzu. Idan a hankali yake ƙaruwa cikin makonni ko watanni, a ga likita cikin makon nan. Idan kuwa yaro ne da tun tasowarsa yake baya da sa'o'insa, ana buƙatar a auna shi a tsanake, amma kada tsanakin ya zama shekara.

Mataki na uku: idan farat ɗaya ya zo

Duba agogo ka riƙe lokacin. In daga barci ya tashi da abin, lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya shi za ka riƙe. Daga nan ka yi abu uku da ba su kai minti biyu ba. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannu biyu kamar mai addu'a, ya rufe ido ka ƙirga goma, ka ga ko ɗaya zai zame ƙasa. Ka ce ya karanta abin da ya haddace tun yana yaro, ko Ƙulhuwallahu ce, ka saurari harshen.

Amma ka sani, toshewar jijiyar ƙeya takan tsallake waɗannan gwaje-gwajen. Bakin Kawu bai karkace ba. Alamunta su ne jiri mai tsanani da ba ya lafawa, amai, ciwon kai a ƙeya, ganin abu biyu-biyu, ido yana rawa, sarƙewa wajen haɗiya, da kasa tsayuwa ko zama sai an tallafe. Jirin kunne na yau da kullum daban yake. Yakan taso idan mutum ya juya a gado ko ya ɗaga kai, bai cika kai minti ɗaya ba, kuma idan ya lafa mai shi zai taka da ƙafarsa. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da jiri ya hana shi tsayuwa, ɗauke shi a matsayin mai shanyewar ɓarin jiki har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Ga abin da ba a yi. Ba a ɗura masa ruwa, kunu, fura ko rubutu, domin maƙogwaron da ya daina aiki daidai yakan tura abin cikin huhu, ya haifar da ciwon da ya fi na farko kisa. Ba a ba shi asfirin kafin hoto, saboda wani toshewa ce, wani kuma fashewar jijiya ce, kuma asfirin yana ƙara zubar jini. Ba a ninka masa maganin hawan jini don ganin awo ya hau. Ba a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana su, a yi su a cikin mota ana tafiya.

Abu ɗaya ne ake iya gyarawa a gida. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, faɗuwar suga takan sa shi layi da sambatu da gumi. In akwai na'urar awo a gwada. Idan ya yi ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, kuma yana farke yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari cokali uku ya sha. In bai dawo daidai cikin minti 15 ba, a kama hanya.

A kwantar da shi a gefensa cikin mota ko a-daidaita-sahu, kada a ɗora shi a acaɓa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne babban wurin da ake tura irin wannan, kuma daga cikin birni sai an bi ta Kwangila an wuce Samaru, tafiya ce mai ɗan nisa. In numfashinsa ya canja ko ya fita hayyacinsa, a fara tsayawa mafi kusa, kamar asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a daidaita shi sannan a wuce. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa huɗu da rabi na farko. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Ko babu ita, zuwa da wuri yana ceto, domin ƙaramar ƙwaƙwalwa takan kumbura bayan kwana biyu zuwa huɗu ta danne wurin da ke riƙe da numfashi, kuma wannan a gadon asibiti kaɗai ake iya tararsa.

Ga yara, tangaɗin da ya zo da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga ko yawan barci na iya zama sanƙarau ko maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa. Mu da muke ƙasar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a 1996 bai kamata mu yi wasa da wuyan da ya ƙi lanƙwasa a lokacin zafi ba. Yaro mai sikila da ya fara jan ƙafa ko sakin cokali, ko da na minti goma ne ya warware, a kai shi ranar, domin kusan ɗaya cikin goma na masu sikila kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan ba a yi rigakafi ba. Akwai kuma tangaɗin da ke biyo bayan ƙarambau ko wani zazzaɓi, wanda yawanci yakan warke da kansa cikin makonni, amma likita ne zai ce shi ne, bayan ya kore sauran.

Idan yaro ƙasa da shekara 15 ƙafarsa ta saki lakakai farat ɗaya, a sanar da asibitin unguwa nan take. Za su ɗauki kashinsa sau biyu a gwada ko shan inna ce. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agustan 2020, amma sa idon bai tsaya ba.

Mataki na huɗu: gwaje-gwajen zaure

Waɗannan na wanda abin ke zo masa a hankali ne. Ba su gaya maka sunan ciwo, amma suna ba ka abin da za ka faɗa wa likita maimakon "jikinsa ne dai ba daɗi." Ka nemi izininsa cikin ladabi, domin dattijo ba ya son a mai da shi abin gwaji gaban jikoki. "Baba, don Allah ɗan taɓa min yatsan nan" ta fi umarni aiki. Ka sa wani ya ɗauki bidiyo da waya.

Ka miƙa yatsanka daidai tsawon hannunsa. Ya taɓa hancinsa, ya taɓa yatsanka, sau biyar, da kowane hannu. Abin lura shi ne hannun da ke wuce wuri, ko karkarwar da ke ƙaruwa yayin da yatsa ke kusantar inda aka nufa. Wannan ta ƙaramar ƙwaƙwalwa ce, kuma ɓangaren da ya lalace shi ne ɓangaren hannun da ke kuskure. Ta ciwon Fakinsin akasin haka take. Hannu yana ajiye a cinya yake rawa kamar mai jan carbi, da ya miƙa shi sai ta ragu, kuma mai ita yakan rage saurin komai, takunsa ya gajarce.

Sai ya riƙa juya tafin hannu a kan cinya, ciki da baya, da sauri kamar mai juya masa a tanda. Lafiyayyen hannu yana da kiɗa, marar lafiya yakan harɗe. Sannan ya kwanta rigingine, ya ɗora diddigen ƙafa ɗaya a gwiwar ɗayar, ya zame shi a kan ƙwauri har idon sawu.

Gwajin tsayuwa shi na fi so, amma ka tsaya dab da shi hannuwanka a buɗe. Ya haɗe ƙafafu ya tsaya ido buɗe. In tun a nan yake tangal-tangal, zargi yana kan ƙeya. In ya tsaya ƙyam, amma da ya rufe ido sai ya tafi luu zai faɗi, to labarin da ke zuwa daga ƙafa ne ya yanke, ko na cikin kunne, ido ne ke rufa masa asiri. Irin waɗannan mutane suna ba da labarin kansu in ka iya tambaya. Za su ce idan sun rufe ido suna wanke fuska wajen alwala sai sun dafa wani abu. Za su ce fita sallar asuba cikin duhu ta fara yi musu wuya, ko silifas yana fita daga ƙafarsu ba su sani ba, ko suna ji kamar auduga suke takawa. Ciwon suga da ya daɗe shi ne kan gaba wajen haddasa wannan, sai ƙarancin bitamin B12, wanda ake samu daga nama, kifi, ƙwai da nono. Wanda ya daɗe yana shan metfomin, maganin ciwon suga, yakan yi ƙarancinsa, kuma ana gyara shi da allura in an gano da wuri.

Na ƙarshe, ya bi layin siminti taku goma, diddige na taɓa yatsun ƙafar baya. Wanda ya manyanta sosai zai iya kasa wannan ba tare da wani ciwo ba, don haka kada ka yanke hukunci da shi kaɗai.

Tambaya ɗaya da ake mantawa: ya taɓa faɗuwa ko buga kai a watannin nan? Tsoho yakan zame a makewayi ko ya faɗo daga acaɓa, ya tashi ya karkaɗe riga, bayan mako uku ko shida ya fara layi da mantuwa. Jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, kuma aikin fitar da shi yakan mayar da mutum yadda yake.

Mataki na biyar: zazzage ledar magani

Maganin farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin, idan ya yi yawa a jini, yana sa layi da ganin biyu-biyu. Haka maganin barci. Kada a tsayar da maganin farfaɗiya da ka, a koma wurin wanda ya rubuta ya daidaita. Ga matasa kuma a yi tambayar da ba a so: kodin, tiramol, sholisho, giya. A yi ta a keɓe, ba a gaban jama'a ba, domin gaskiyar ake nema.

Mataki na shida: yaron da ya yi jinkiri

Yara ba sa tafiya da agogo ɗaya, amma akwai iyaka. Wuya bai tsaya ba a wata 4, bai zauna da kansa ba a wata 9, bai iya tsintar ƙwayar gyaɗa da yatsa biyu ba a shekara ɗaya, bai taka ba a wata 18: kowanne daga cikinsu ya isa a kai shi a duba. Bakwaini ana rage masa makonnin da ya rigaya kafin a yi lissafi. Uwa mai goyo ta fi kowa saurin ganewa. Ita ke jin yaron da ya sanƙare ƙafafu suna harɗewa kamar almakashi idan za ta goya shi, ko wanda ke zamewa lakakai kamar jiƙaƙƙen tsumma. Jaririn da bai kai shekara ba amma hannu ɗaya kawai yake miƙawa, ɗayan a dunƙule, ba bahago ba ne kuma ba badame ba, ɗayan hannun ne ke da magana. Mafi tsanani duka shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina. Wanda ke gudu ya koma faɗuwa, ga ciwon kai da amai da sassafe, ko ido ya karkace, ko kai yana girma fiye da kima, yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da jira ba.

A nan zuciyata ta fi nauyi. Yaro yana shekara biyu bai zauna ba, miyau na zuba, sai ka ji wata tsohuwa ta ce wa uwar, "Ke 'yar nan, wannan ai ɗan ruwa ne." Daga ranar sai a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Yaron nan mutum ne, ƙwaƙwalwarsa ce ta ji rauni, kuma in aka bi tarihi yawanci za a samu dalilin: doguwar naƙuda da jaririn da bai yi kuka ba, haihuwa kafin lokaci, sanƙarau, ko shawarar da ta yi tsanani a makon farko. Raunin ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa, kuma da yawansu hankalinsu garau yake, jikin ne ya ƙi ba su haɗin kai. Gashi da motsa gaɓoɓi da aka fara da wuri shi ke hana tsoka ƙagewa.

Shawarar jarirai ana iya tare ta. Idan idon jariri ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko ciki da ƙafafu, ko ya ƙi nono yana kuka mai tsini yana banƙarewa, ruwan gulukos da shanya shi a hantsi ba za su wadatar ba. Hasken fitila ta musamman ake sa shi a asibiti. A kuma raba kayan jariri da kafur, a bar yi masa lalle, domin akwai jariran da jininsu ke fashewa da waɗannan. Haka tozalin dutse, wani yana ɗauke da dalma. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda niƙan dutsen zinare a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400 ya bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Gidan da ake fasa tsofaffin baturan mota ma yana cikin haɗarin.

Akwai kuma yaron da ya taka a kan lokaci, kansa yana ja, amma kullum shi ne mai kifar da tawada a makarantar allo, maɓalli ya gagare shi, ƙwallo ta wuce shi, rubutunsa kamar tafiyar kaza. Kusan ɗaya cikin yara ashirin 'yan makaranta haka suke. Ana ce musu sakarkaru ana zane su, alhali bulala tana ƙara wa hannu rawa ne. A fara gwada masa ido da kunne. Daga nan a riƙa koya masa aiki gaɓa-gaɓa, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi alƙalami mai kauri da ƙarin lokaci. Malam, ka tambayi iyayensa kafin ka ɗaga dorina.

Mataki na bakwai: ranar ganin likita

Ka tafi da wanda ya ga farkon abin da idonsa, da bidiyon, da duk magunguna har na gargajiya, da katin awon ciki da na rigakafi in yaro ne. Ka faɗi ko akwai mai irin ciwon a dangi, da ko iyayen auren zumunci ne, domin wasu nau'o'in gado ne. Masu yara a cikin birni za su iya farawa daga cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau, wadda ke ƙarƙashin asibitin koyarwa, su karɓi takardar turawa in ana buƙata. Kafin ka fito ka tambayi abu uku: me ake zargi, wace alama ce za ta sa mu dawo da gaggawa, kuma yaushe za a fara gashi.

Mataki na takwas: gyara gida

Bayan an sallamo Kawu, a gida aka yi sauran jinyar. Mun naɗe tabarmar da ke bakin ƙofa saboda gefenta na harɗe ƙafa. Mun kafa ƙarfen dafawa a makewayi, muka sa kujerar roba da fitila mai caji a hanyar. Ya koma alwala a zaune, sallah ma a zaune har ƙafa ta yi ƙwari. Muka sauya masa kofi da mai hannu biyu, ana zuba rabi. Likitar gashi ta nuna masa ya riƙa dafa gwiwar hannu a kan cinya ko tebur kafin ya kai loma, rawar ta ragu sosai. Kullum bayan asuba da bayan la'asar yana tashi daga kujera ya zauna sau goma, ya bi bangon zaure ya dawo, ɗayanmu na gefen damansa. Abin da ya fi mana wuya shi ne janye hannu mu bar shi ya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa, ko zai ɗauki minti biyar. Awon jininsa muna rubuta shi a bayan kalanda duk Juma'a, kuma ranar komawa asibiti kalandar muke cirewa mu tafi da ita.